Ƙoƙuna Uku a Hannun Magajiya Hakama

"Allah ya ja zamanin Zaki, ba zan zuba ba."

Magajiya Hakama ce ta faɗi haka, tana durƙushe a tsakiyar zauren fadar Birnin Dagura, ranar wata Litinin a farkon damina. A gabanta ga ƙoƙuna uku jere bisa faifai, ɗaya da gero, ɗaya da acca, ɗaya da shinkafa. A gefensu ga sabuwar tukunya da yayanta, Sarki Tunau, ya sa aka kawo. Umarnin da ya ba ta gajere ne: ta juye ukun cikin tukunyar, ta gauraya da hannunta.

Sankira, wanda aikinsa ne ya maimaita wa jama'a duk maganar da aka yi gaban sarki, ya buɗe baki ya sake rufewa. Bai maimaita ba.

Baƙo zai ce mene ne abin tashin hankali a ƙoƙo uku na hatsi. To, ƙasar Dagura ta mutane iri uku ce. Akwai Dagurawa, masu birni da kasuwa da jigawa, su ne masu gero. Akwai Tsirawa da ke bisa duwatsun gabas, masu acca da kwari da baka. Akwai Jankawa, masunta da masu fito a bakin kogin Gwalo, su ne masu shinkafa. Da kakanninsu suka gaji da yaƙar juna, sai suka yi alkawari: sarki ɗaya a birni, amma kowace kabila da shugabanta, da alƙalanta, da mayaƙanta. Sarki ba ya umartar Tsirawa ko Jankawa su fito yaƙi. Roƙonsu yake yi, ya aika musu da kibiya da aka ɗaura wa auduga, dattawansu su zauna su yi shawara. Shaidar alkawarin ita ce ƙoƙunan nan, kuma ajiyarsu na hannun Magajiya, wadda ba a tuɓe ta, ba a kuma zubar da jininta. Kakannin sun rantse cewa ranar da Magajiya ta haɗa irin nan uku da hannunta, alkawari ya ƙare, kowa ya bi umarni ɗaya daga birni ko yana so ko ba ya so. In wani hannu ne ya zuba, bai ɗaure kowa ba.

Hakama shekarunta ashirin da uku. Ta sauke Alƙur'ani tun kafin aurenta, ta karanta takardar alkawarin da kanta, ba wanda ya karanta mata.

Sarki Tunau ya dube ta, sannan ya juya. "Waziri, gaya mata. Wataƙila kunnenta bai ji da kyau ba."

Waziri Nomau ya gyara rawani, ya miƙe zaune.

"Ranki ya daɗe, Magajiya, ba wanda ya raina alkawarin kakanni. Amma riga in ta yi wa yaro kaɗan, ba a datse yaron. Yau fatake su fito daga birni, a auna musu da mudun birni, su hau dutse su tarar da wani mudu, su sauka kogi su tarar da wani. A yi wa Badagure fashi a kan dutse, alƙalin dutse ya ce bai ga ɓarawo ba. Wannan duk mu bar shi. Ki tuna Fagen Marke. Mahaifinki, Sarki Gabi, ya aika kibiya. Kwana bakwai dattawan Tsirawa suna zaune gindin itace suna shawara, shi yana tsaye gaban abokan gaba. Ranar da suka iso, jana'izarsa suka tarar. Yanzu ga labari ya zo cewa Sarkin Tungaru yana tara mayaƙa a ƙetaren Gwalo. Za mu sake jiran kwana bakwai? Allah ma ya nuna mana aya da safen nan. Zuma ta taso ta sauka a kukar ƙofar fada, kowa ya gani. Dubu nawa ce zuma? Amma sarkinta ɗaya."

Fadawa suka amsa, "Gaskiya ne, Waziri. Gaskiya ne."

Sai aka ji dariya daga gefen hagu. Sarkin Dutse Ajiji ne, shugaban Tsirawa, tsoho mai farin gashi, da fatar damisa a kafaɗa.

"Waziri, zumar da ka sani ita ce wadda ake kawo maka a ƙwarya. Ni kiwonta nake yi. Kowace amya da sarkinta. Ka ɗauki amya biyu ka juye a ɗaya, ka dawo gobe ka ga abin da za ka share." Ya juya ga sarki. "Zaki, zancen Marke ban musa ba. Mun makara. Ni ma 'ya'yana biyu da suka riga mu sauka na bari a filin nan, kuma har gobe ina jin kunyarsa. In makara ce laifinmu, a zauna a rage kwanakin shawara. Amma ka ce alƙalin birni ne zai hau ya raba mana gado, wanda bai san inda kakanninmu suke kwance ba? Ka ce mutumin da bai taɓa hawa dutse da ƙafarsa ba shi ne zai gaya wa maharbana inda za su tsaya? Abin da muke yi muku da yawa, ba don umarni ba. In ruwa ya sauka a kan dutse, mu ne ke tayar da hayaƙi a Tsaunin Mikiya don mutanen ƙasa su san kogi zai cika. Wane sarki ne ya taɓa sa mu? Alkawari ne ya sa mu."

Sarki ya ce, "Sarkin Ruwa, ba ka ce komai ba."

Sarkin Ruwa Kwasau, shugaban Jankawa, ya sosa ƙeya.

"Zaki, mu kaɗan ne. Dutse na bisa kanmu, birni na gefenmu. Bara waccan Tsirawa suka sauko suka nome mana fadama. Muka kai ƙara gun alƙalansu, ashe kura muka kai wa ƙarar ɗanta. Don haka mu muna son sarki mai ƙarfi, wanda in ya ce a tashi daga gonar wani za a tashi. Sai dai jiragenmu. Jirage a bar su a hannun masu jirage."

Ajiji ya ce, "Kwasau, kana son inuwar itace, ba ka son kashin tsuntsu."

"Kai kuma kana son itacen da inuwar da tsuntsun, har da gonar da itacen yake ciki."

Wasu suka yi dariya. Sarki bai yi ba.

"Magajiya, kin ji. Biyu cikin uku sun yarda."

"Allah ya taimaki Zaki, ɗaya da rabi na ji. Abin da Waziri ya faɗa akwai gaskiya a ciki, ubana ne ya mutu a Marke, ba sai an tuna mini ba. Amma ranar da aka ba ni ƙoƙunan nan, rantsuwar da na yi ita ce ba zan haɗa su ba sai masu su uku sun ce in haɗa. Mai acca bai ce ba. In na zuba yau, na ɗaure mutanen da suka amince da hannuna da igiyar da suka ba ni ajiya. Kuma Zaki, gero da acca da shinkafa in an gauraya, a wace gona za a shuka su?"

Sarki Tunau ya sauke murya, abin da duk wanda ya san shi yake tsoro.

"Ba ni da ikon tuɓe ki, ba ni da ikon taɓa jininki. Amma ƙofar fada tawa ce. Sarkin Dogarai, daga gobe Magajiya za ta zauna a filin ƙofa da ƙoƙunanta da tukunyar nan, daga hantsi zuwa la'asar, ba mayafi, ba rumfa. Ranar da ta zuba, ta tashi."

Ajiji ya miƙe ba tare da an sallame shi ba. "Gidan da ake shanya 'yarsa a rana, baƙo ba ya kwana a ciki." Ya fita da mutanensa, suka kama hanyar dutse a ranar.

Kashegari aka shimfiɗa mata tabarma a tsakiyar fili, nesa da kukar da zumar ta sauka. Filin ƙofar fada shi ne hanyar kasuwa, duk mai shiga da mai fita sai ya bi ta nan. Matar da tun tana ƙarama ba a taɓa ganin gashin kanta a waje ba, yau ga ta kai buɗe a gaban mahauta da masu jakuna. Kwana biyun farko mutane sunkuyar da kai suke yi su wuce, don kunya. A na uku kunyar ta ragu. A na biyar wata mai sayar da daddawa ta tsaya ta ce, "Ranki ya daɗe, nawa ne mudun accar?" Abokan tafiyarta suka fashe da dariya. Daga nan aka sami abin yi. Aka ce ta sayar da birni ga mutanen dutse. Aka ce karatu ne ya yi mata yawa. Wata tsohuwa da ɗanta ya mutu a Marke ba ta zage ta ba, sai dai kullum ta zo ta tsaya ta dube ta, ta tafi. Wannan ya fi mata ciwo.

Ba ta amsa wa kowa ba. Leɓɓanta suka tsage, fatar goshinta ta saɓule. Ranar da hadari ya taso, ta kifa faifai kan ƙoƙunan, ta rufe su da jikinta har ruwan ya wuce. Idanunta suka fara zubar da ruwa da kansu saboda hasken farin yashin filin, in ta rufe su sai ta ga ja. Kowace la'asar jakadiya ta zo ta tambaye ta da sunan sarki, "Magajiya, kin zuba?" Ta ce, "Ki gaishe da Zaki." Abin da take ji a ranta ba zafin rana ba ne. Mutanenta ne, Dagurawa masu malamai da alƙalai, waɗanda ke kiran na dutse jahilai, su ne suka mai da shanya mace abin kallo.

Ranar sha ɗaya da zamanta a filin, manzo ya shigo a guje daga kudu, ya faɗi a gaban sarki. Tungarawa sun sauka a ƙetaren kogi, daura da Mashigin Kada, tafiyar yini ɗaya daga birni. Majalisa ta zauna. Galadima ya ce a aika kibiya dutse tun da sauran lokaci. Sarki ya ce sarkin da ya roƙa yau, gobe ma sai ya roƙa. Ya sa aka rubuta takarda, aka ba dogari ya kai wa Ajiji: maharba dubu biyu su sauko cikin kwana biyu, su shiga ƙarƙashin Madawaki. Jiragen Jankawa kuwa ya ɗora Shamaki Gauje a kansu, bafaden da bai taɓa riƙe sandar tuƙi ba, aka ce Kwasau ya bi bayansa.

Dogari ya dawo da takardar yadda ya tafi da ita, ba a ko warware ta ba. Saƙon Ajiji shi ne, "Ba mu ga kibiya ba, ba mu kuma ji an zuba ba. Za mu tsare ƙofar dutsenmu. Birni ya tsare tasa."

Madawaki Barmo, shugaban mayaƙan birni, shi ne mijin Hakama. Yana cikin waɗanda suka ɗauko gawar Sarki Gabi daga Marke, kuma bai taɓa ɓoye cewa yana bayan Waziri ba. Tun da aka zaunar da ita bai zo filin ba. Ranar sha huɗu da tsakar rana, ana gobe za a tashi, ya zo cikin sulke, ya tsaya a gabanta, daidai inda inuwarsa za ta rufe fuskarta. Sarkin Dogarai ya matso.

Madawaki ya ce, "An hana rumfa. Ni rumfa ne?"

Sarkin Dogarai ya koma.

"Hakama," in ji shi a hankali, "dubi yadda kika koma."

"Madawaki ya zo kallo ne shi ma?"

"Na zo roƙo. Mutum dubu uku gare ni, na Tungaru sun ninka mu. In kin zuba yau, rantsuwa ta ɗaure Ajiji. Tsohon nan ba ya karya rantsuwa, kin fi ni sani. Jibi maharbansa na bayana."

"Kibiya ɗaya ma za ta kawo su. Kibiya ɗaya da ɗan audugar da bai kai na lagwani ba. Ka gaya wa Zaki."

"Na gaya masa sau uku. Yayanki ne, kanku ɗaya." Ya yi murmushi kaɗan. "Da an bar ku biyu a ɗaki, ku ne za ku rushe katanga da goshi."

Ba ta yi dariya ba. "In na zuba, za su zo wannan karon a ɗaure. Bayan yaƙi kuma fa? Hakimi zai hau dutse, su kashe shi, ka hau ka rama, jikokinmu su gaji abin da kakanni suka kashe da ƙyar. Ni ban iya ba, maigida. Ka yafe mini."

Ya daɗe tsaye har inuwar ta gusa daga kanta, ya matsa ya sake daidaita ta.

"Ban yarda da ke ba. Amma da kin zuba don ni, da na rasa matar da na aura. Ki yi mini addu'a."

Ya tafi. Tukunyar na gefenta, hannunta ko kusa da ita bai je ba.

Da rundunar birni ta isa Mashigin Kada, ruwa bai kai gwiwa ba. Madawaki ya yanke shawarar ya haye ya auka wa Tungarawa tun ba su gama shiri ba, in abu ya yi tsanani ya janye ta mashigin, ya tsare bakin gaɓa. Shawara ce mai kyau. Shamaki Gauje ya ga ruwan da yaro zai taka, ya ce jirage ba su da aiki a nan. Ya tura su can ƙasa, tafiyar rabin yini, su ɗebo hatsin mayaƙa.

Da hantsi, bayan rundunar ta gama hayewa, Kwasau ya durƙusa bakin ruwa, ya ɗebo da tafin hannu, ya duba. Ya ga jan kumfa, ya ga ganyen doka, itacen da ba ya fitowa a ƙasar kogi. Ya sheƙa wurin Shamaki.

"Ranka ya daɗe, an yi ruwa a dutse. Kogi na tafe. A kira jirage, a aika wa Madawaki ya komo."

Shamaki ya ɗaga kai ya dubi gabas. Tsaunin Mikiya na nan tsaye, sama tas.

"Ina hayaƙin?"

"Babu hayaƙi, amma ga ganye."

"Sarkin Ruwa, tun ina goye in kogi zai cika hayaƙi ke riga shi zuwa. Ka ce in tsai da yaƙin sarki saboda ganye?"

Kwasau ya ce, "Wa zai tayar maka da hayaƙin? Mutanen da kuka aika wa dogari?"

Shamaki ya ce a janye shi daga gabansa. Ba mugunta ce ta sa shi ba. Shi da duk Dagurawa sun saba ganin hayaƙin nan har sun ɗauka dutsen ne ke fitar da shi da kansa.

A ƙetare yaƙi ya yi zafi. Dagurawa suka fasa sahun farko na Tungarawa, suka ƙone bukkokin sansani. Da azahar Sarkin Tungaru ya sako waɗanda ya ɓoye a kurmi, suka zagayo ta hagu, inda da maharban dutse ne za su tsaya. Madawaki ya sa a busa ƙahon janyewa, mayaƙa suka koma bakin mashigi da tsari, garkuwa na bin garkuwa. Suka tarar babu mashigi. Jan ruwa ne ke gudu da itatuwa, ya shafe duwatsun da suka taka da safe. Masu lifidi da suka faɗa ciki, nauyin kayansu ya ja su ƙasa. Madawaki ya juya wa kogi baya, ya tara waɗanda suka rage, ya tsaya. Kwasau ya bar Shamaki, ya bi gaɓa da gudu da ƙafarsa har ya cim ma jiragen, ya juyo da su. Suka yi ta fito ƙarƙashin ruwan mashi har rana ta yi ja. Duk jirgin da ya zo, Madawaki sai ya ce a ɗauki wasu. Jirgin ƙarshe bai same shi a tsaye ba.

Ranar sha bakwai da hantsi, Hakama na zaune a tabarmarta, ta ji kuka ya tashi daga Ƙofar Kudu, yana bin unguwa unguwa har ya iso kasuwa. Kwasau ya shigo filin, rigarsa duk laka. Bai wuce fada ba, ya durƙusa a gabanta ya gaya mata komai, bai rage ba. Ta saurara har ya gama. Ta ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ba ta tashi ba, don la'asar ba ta yi ba.

Sarki Tunau ya fito da azahar, ba laima, ba takalmi. Fadawa suka tsaya daga nesa. Ya tsuguna a bakin tabarmar. A hannunsa akwai kibiya da auduga ɗaure a wuyanta.

"Hakama, ruwa zai janye cikin kwana huɗu, sannan su haye. Waɗanda suka rage mini ba su isa tsare ganuwa ba. Ba manzon da Ajiji zai saurara daga gare ni." Ya kasa dubanta. "Ban zo da umarni ba."

"Yaya," ta ce, sunan da rabonta da kiransa da shi tun kafin a naɗa shi, "da wannan ka miƙa kwana shida da suka wuce."

"Na sani."

"A ɗauke tukunyar nan daga gabana."

Sarki ya ɗauke ta da hannunsa. Jakadiya ta kawo mayafi, ta kama ta ta miƙe. Hakama ta karɓi kibiyar daga hannun sarki.

Kwana ɗaya da wuni aka yi da ita a hanyar dutse, ana riƙe da ita a wuraren hawa saboda ba ta ganin inda take sa ƙafa. Dattawan Tsirawa suka taru gindin itacen shawara. Ta ajiye ƙoƙuna uku a gabansu, kowane da abin da ke cikinsa, ta ɗora kibiyar a kai.

"Baba Ajiji, ajiyarku ga ta, ban taɓa ba. Sarki yana roƙo."

Ajiji ya dubi fuskarta, ya kau da kai. Labarin mashigi ya riga ta isowa.

"'Yata, kwana biyu aka yi ana ruwa a nan. Samari suka zo suka ce mini, Baba, a kunna? Itacen na tare, wutar na hannu. Na ce wanda ya aiko dogari, dogari ya gaya masa ruwa na zuwa. Na ɗauka jirage biyu ko uku za su ɓata, su ji a jikinsu. Ke kina rana kina tsare mana alkawari, ni ina inuwa ina karya shi."

Wani dattijo ya ce al'ada ce a yi kwanaki ana shawara. Ajiji ya ɗauki kibiyar.

"Shawarar Marke kwana bakwai ce, kun ga abin da ta haifa. Wanda ke da magana ya faɗe ta a hanya."

Tungarawa suka haye Gwalo ranar da ruwa ya janye, suka kewaye Ƙofar Kudu, suka jingina tsani a ganuwa. Suna cikin hawa, maharban dutse suka fito musu ta baya daga gonakin gero, a ƙarƙashin shugabanninsu, da kirarinsu na dutse. Jankawa suka datse mashigi da jiragensu, wannan karon Kwasau ne a gaba. Sarki Tunau ya buɗe ƙofa ya fito da sauran mayaƙan birni. Kafin la'asar Sarkin Tungaru ya bar tambarinsa a fili ya tsere da ƙyar, bai sake duban Gwalo ba har ya mutu.

Bayan kwana bakwai majalisa ta zauna, aka sabunta alkawari. Tsirawa suka yarda in kibiya ta zo, amsa cikin kwana biyu. Aka yarda da mudu ɗaya a kasuwanni uku. Ƙarar da ke tsakanin kabila da kabila, alƙalai uku ne za su zauna kanta, kuma ta farko da suka yanke ita ce fadamar Jankawa, aka mayar musu. Waziri Nomau ya ce har yanzu yana ganin umarni ɗaya ya fi, kuma wata rana za a tuna da maganarsa. Ba wanda ya hana shi faɗa. Ba a buga tambarin nasara ba. Sarki ya ce bai ga wanda zai iya ɗaga kai ya saurara ba.

Hakama ba ta halarci zaman ba, tana takaba. Mutum ɗari takwas da sittin ne ba su komo daga Mashigin Kada ba, kuma ba unguwar da ba ta san cewa juye ƙoƙo uku a tukunya da ya kai musu maharba dubu biyu ba. Mutanen dutse suka sa sunanta a waƙa. A birninta kuwa, matan da suka rasa maza ba su sake yi mata sallama ba. Uwar Madawaki ta aiko aka ɗauke 'yarsu guda ɗaya, ta ce jikarta ba za ta tashi a hannun da ya ƙi motsi don ubanta ba. Idonta na hagu bai sake gani ba, na dama kuma ba ya iya karatu.

Wata rana Kwasau ya zo gaisuwa, ya tambaye ta daga bayan labule ko da ta san abin da zai faru da ta zuba.

Ta ce, "Na yi wa kaina wannan tambayar fiye da yadda za ka yi mini, Sarkin Ruwa. Da ban zuba ba. Shi ya sa ba na iya haɗa ido da matan nan. Na tsare amanar kabila uku, na biya da mijina, da 'yata, da idona, da 'ya'yan mutane ɗari takwas da sittin waɗanda ba wanda ya tambaye su ko sun yarda."